Yadda Za Ka Gane Ko Bunƙasar Tattalin Arziki Ta Samar da Aikin Yi

Duk bayan wata uku Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa takan fitar da alƙaluman tattalin arzikin Najeriya, gidajen rediyo su sanar cewa ya ƙaru da kashi kaza cikin 100, mai sauraro a Katsina ko Daura kuma ya dubi unguwarsu ya ga samarin da ke zaune a majalisa bara su ne dai ke zaune bana, sai ya yanke hukuncin cewa alƙaluman ƙarya ne. Galibi ba ƙarya ba ne. Arzikin ƙasa yana iya ƙaruwa da gaske alhali yawan masu aikin yi yana nan yadda yake, ko ma yana raguwa, kuma babu inda wannan ya fito fili kamar ƙasashen da suka bar tsarin gurguzu, wanda gwamnati ke mallakar masana'antu tana yanke farashi, suka koma tsarin kasuwa: ƙasashen Gabashin Turai bayan 1989, da waɗanda suka fito daga Tarayyar Sobiyet bayan rugujewarta a 1991, da Sin da Biyetnam da suka bi tasu hanyar.

Najeriya ba ta taɓa bin tsarin gurguzu ba, saboda haka masana ba sa lissafa ta cikin waɗannan ƙasashe. Amma tun daga shirin gyaran tattalin arziki na 1986, wanda ya rusa hukumomin sayen amfanin gona har da ta auduga, zuwa sayar da kamfanonin rarraba wutar lantarki a 2013 da janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mu ma muna cikin janye hannun gwamnati daga kasuwa. Don haka ɗalibin da ke rubuta kundin bincike a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Dutsin-Ma, da ɗan jarida, da ma'aikacin sashen tsare-tsare, duk suna iya amfani da hanyoyin da aka bi wajen nazarin waɗancan ƙasashe. Ga yadda ake yi.

Fara da tsabtace alƙaluman

Kana buƙatar jeri biyu na shekaru goma aƙalla: jimillar abin da ƙasa ta samar a shekara, wato ma'aunin GDP, da kuma yawan mutanen da ke da aikin yi. Na farko ana samun sa a shafin Hukumar Ƙididdiga da na Bankin Duniya, na biyu kuma a rumbun bayanan Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. Ka tabbata ka ɗauki ma'aunin da aka cire masa hauhawar farashi, domin a shekara irin 2024, da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, adadin naira kaɗai zai nuna maka bunƙasar da babu ita. Sannan ka lura da shekarun da aka sake tsarin lissafi. A 2014 Najeriya ta sabunta shekarar da take auna tattalin arzikinta da ita, daga 1990 zuwa 2010, nan take ta zama mafi girman tattalin arziki a Afirka ba tare da an buɗe sabuwar masana'anta ko ɗaya a ranar ba. An sake sabuntawa a 2025. Kada ka haɗa jerin tsohon lissafi da na sabo a layi ɗaya.

Raba tarihin gida-gida

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar shekaru ashirin a dunƙule a fitar da matsakaici ɗaya. Ƙasar da ta sauya tsari takan bi matakai, kuma dangantakar bunƙasa da aikin yi takan canza a kowane mataki.

Polan ce misali mafi bayyana. A watan Janairun 1990 ministan kuɗinta, Leszek Balcerowicz, ya saki farashi ya datse tallafin kamfanonin gwamnati lokaci guda. Tattalin arziki ya faɗi a 1990 da 1991, ya fara farfaɗowa a 1992, amma rashin aikin yi, wanda a hukumance kusan babu shi kafin sauyin, ya ci gaba da hawa har ya haura kashi 16 cikin 100 a 1993 da 1994, wato shekara biyu bayan dawowar bunƙasa. Ya sauka zuwa wajen kashi 10 a 1998, sannan ya sake tashi zuwa wajen kashi 20 a 2002 da 2003, a lokacin da arzikin ƙasar ya riga ya zarce na 1989 nesa. Wanda ya kalli ma'aunin bunƙasa kaɗai zai ce Polan ta warke tun tsakiyar shekarun 1990, wanda ya kalli aikin yi kuma zai ga sai da aka ƙara shekara goma.

Dalilin wannan giɓi yana cikin tsohon tsarin. Masanin tattalin arzikin Hungari, János Kornai, ya bayyana cewa kamfanin da ya san gwamnati za ta biya masa duk asarar da ya yi ba shi da dalilin tsuke bakin aljihu, saboda haka yakan tara ma'aikata fiye da buƙata. Da kasuwa ta zo, hanya mafi sauƙi ta ƙara samarwa ita ce a sa ma'aikatan da ake da su su yi aiki sosai, a kawo sababbin injuna, a sallami rarar. Wannan bunƙasa ce ta gaskiya, sai dai daga ƙaruwar abin da kowane ma'aikaci ke samarwa ta fito, ba daga ɗaukar sababbin hannuwa ba. Shi ya sa ƙa'idar da masanin tattalin arziki Arthur Okun ya fitar a 1962 daga alƙaluman Amurka, mai cewa rashin aikin yi yakan ragu daidai gwargwado idan bunƙasa ta ƙaru, ba ta yi aiki sosai a shekarun farko na waɗannan ƙasashe ba. Saboda haka ka raba shekarunka zuwa na faɗuwa, da na farfaɗowa, da na bayan an daidaita, ka auna kowanne shi kaɗai. Ga Najeriya, shekarun 2002 zuwa 2014 na bunƙasa mai ƙarfi daban suke da na bayan koma-bayan 2016 da na 2020.

Lissafi ɗaya da ya kamata ka iya

A kowane gida na shekaru, ka raba ƙaruwar masu aikin yi da ƙaruwar tattalin arziki. A ƙaddara tattalin arziki yana ƙaruwa da kashi 6 cikin 100 a shekara, masu aikin yi kuma da kashi 1.5. Raba 1.5 da 6 zai ba ka 0.25, ma'ana duk kashi 1 na bunƙasa yana kawo rubu'in kashi 1 na aikin yi. Wannan adadi shi kaɗai ba ya nuna alheri ko akasinsa sai ka ajiye shi kusa da yawan masu shigowa neman aiki. Idan su suna ƙaruwa da kashi 3 a shekara, to da 0.25 sai tattalin arziki ya riƙa ƙaruwa da kashi 12 kafin a ɗauke su duka, abin da ƙasashe ƙalilan ne suka taɓa yi na tsawon lokaci. A nan ne muka bambanta da Gabashin Turai: yawan jama'arsu a tsaye yake ko yana raguwa, namu kuwa yana ƙaruwa da fiye da kashi 2 cikin 100 duk shekara, saboda haka bunƙasar da ta ishe su mu ba za ta ishe mu ba.

Kada kuma ka yi murna idan adadin ya haura 1. Hakan na nufin mutane suna ƙaruwa a bakin aiki fiye da yadda abin da suke samarwa ke ƙaruwa, wato rabon kowa yana ƙanƙancewa. Irin haka ne ke faruwa idan masu cajin waya ko masu POS suka ninka a layi ɗaya alhali masu saye ba su ƙaru ba.

Kada ka tsaya ga ma'aunin rashin aikin yi

Rasha ta koyar da wannan darasi. Tsakanin 1991 da 1998 tattalin arzikinta ya faɗi da kusan kashi 40 cikin 100, amma raguwar masu aikin yi ba ta kai rabin haka ba, kuma rashin aikin yi bai wuce wajen kashi 13 ba ko a lokacin da ya fi tsanani. Kamfanoni ba su sallami mutane da yawa ba, sai suka daina biyan su. Ma'aikaci yakan yi watanni ba albashi, ko a tura shi hutun dole, ko a biya shi da kayan da masana'antar ke ƙerawa ya je ya nemi mai saye, har a 1998 masu haƙar kwal suka tare layin dogo na Siberiya saboda bashin albashi. A takarda duk waɗannan masu aikin yi ne.

Haka abin yake a wajenmu, da wata siffa. Hukumar Ƙididdiga ta ba da rashin aikin yi kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020, sannan kashi 4.1 a farkon 2023. Ba ayyuka aka samar a tsakani ba, ma'auni aka sauya zuwa na ƙasa da ƙasa: a da wanda bai yi aikin sa'a 20 a mako ba ana ƙirga shi cikin marasa aiki, yanzu kuwa aikin sa'a ɗaya a cikin kwana bakwai ya isa a sa shi cikin masu aiki. Ni ban ga laifin sauyin ba, domin yana ba da damar kwatanta mu da sauran ƙasashe, amma laifi ne babba a jera adadin biyu a ce an samu ci gaba. A ƙasar da babu kuɗin tallafin marasa aiki, talaka ba shi da halin zama haka nan, dole ya yi dako ko talla ko ya hau babur. Abin da za ka nema a rahoton shi ne kason masu aikin albashi, wanda a binciken 2023 bai kai kashi 15 cikin 100 na masu aiki ba, da kason masu sana'ar da ba ta da rajista, wanda ya haura kashi 90, da waɗanda ke son ƙarin sa'o'in aiki ba su samu ba. Idan bunƙasa tana taɓa rayuwar mutane, a waɗannan wurare za ta fara nunawa.

Tambayi daga ina bunƙasar ta fito

A 2006 tattalin arzikin Azarbaijan ya ƙaru da fiye da kashi 30 cikin 100, bayan an buɗe bututun mai daga Baku zuwa gaɓar tekun Turkiyya. Sashen mai kuwa wajen kashi 1 cikin 100 na ma'aikatan ƙasar yake ɗauka, fiye da kashi ɗaya cikin uku kuma suna gona. Ka ajiye wannan kusa da Sin. Bayan gyaran da aka fara a ƙarshen 1978 ƙarƙashin Deng Xiaoping, an fara ne da barin iyalai su noma gonakinsu su sayar da rarar amfanin, kuɗin da ya shigo karkara kuma ya haifar da ƙananan masana'antun garuruwa da ƙauyuka, waɗanda ma'aikatansu suka tashi daga miliyan 28 a 1978 zuwa miliyan 135 a 1996. Biyetnam ta bi kusan wannan sawu daga 1986: ta mayar wa iyalai gonaki a 1988, ta fara fitar da shinkafa waje a 1989, sannan ɗinkin tufafi da takalma, daga baya haɗa wayoyi, suka ɗauki miliyoyin 'ya'yan manoma.

Abin yi a nan shi ne ka zana layi uku ga kowane sashe: kasonsa a tattalin arziki, kasonsa a ma'aikata, da saurin ƙaruwarsa. Idan sassan da ke gudu su ne mai da bankuna da sadarwa, alhali noma da sarrafa amfanin gona suna rarrafe, to amsar tambayarka ta riga ta fito, kuma jiha irin Katsina, wadda yawancin mutanenta manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, za ta ji labarin bunƙasar a rediyo kawai. A ganina wannan ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma tsarin jama'armu ya fi kama da na Sin da Biyetnam a farkon sauyinsu fiye da na Polan ko Rasha, inda yawancin ma'aikata suka riga suka kasance a masana'antun gwamnati. Tambayar da ta shafe mu ita ce ko audugar Funtuwa da Malumfashi, da riɗi da gyaɗar ƙasar Daura, da fatu da ƙiraga, ana sarrafa su a nan ko ɗanyu ake lodawa a mota, da kuma ko ruwan madatsun Zobe da Jibiya da Sabke yana isa gonaki da rani.

Ƙirga ayyukan da suka mutu daban, sababbi daban

Adadin masu aiki a ƙarshen shekara saura ne bayan an debe waɗanda suka rasa aiki daga waɗanda suka samu, kuma yakan ɓoye labarin. A Jamus ta Gabas, hukumar da aka ɗora wa sayar da kamfanonin gwamnati tsakanin 1990 da 1994 ta karɓi kamfanoni masu ma'aikata wajen miliyan 4, kuma fiye da rabin waɗannan ayyuka sun tafi cikin 'yan shekaru, kafin sababbin kamfanoni su yi ƙarfin ɗaukar mutane. Sin ma ta sallami fiye da mutum miliyan 20 daga kamfanonin gwamnati a ƙarshen shekarun 1990 zamanin firaminista Zhu Rongji, kuma yankin arewa maso gabashinta ya sha wuya ƙwarai, amma ta yi hakan ne bayan shekara ashirin ana gina wani sashe a gefe, sannan shigarta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001 ta buɗe wa masana'antunta kasuwa. Bambancin kamar na mai rushe tsohon ɗaki ne da tsakiyar damina da wanda ya bari sai da ya rufe sabo.

Binciken da aka yi a Gabashin Turai ya yi ta nuna cewa sababbin kamfanoni, galibi ƙanana, su ne suka samar da yawancin sababbin ayyuka, ba tsofaffin da aka sayar ba. Saboda haka idan kana nazarin sayar da wani kamfani, kamar na mulmula ƙarfe na Katsina da aka miƙa wa 'yan kasuwa, kada ka tsaya ga yawan ma'aikatansa kafin sayarwa da bayanta. Ka bincika har da sababbin sana'o'in da aka buɗe a garin cikin shekarun nan, da abin da ke hana su girma daga mutum uku zuwa talatin, ko wuta ce, ko jari, ko yawan haraji, ko tsaro a hanya.

Nemi waɗanda suka tafi

Bayan Polan ta shiga Tarayyar Turai a watan Mayun 2004, ɗaruruwan dubban matasanta sun tafi Birtaniya da Ailan, kuma wannan yana cikin abin da ya sauko da rashin aikin yi a gida. A Tajikistan kuɗin da 'yan ƙasar ke aikowa daga Rasha ya taɓa kusantar rabin tattalin arzikin ƙasar. Mu ma muna da ci-rani, kuma saurayin Zango ko Ɓaure da ke aiki a Legas ko Abuja ba zai fito a lissafin marasa aikin jiharsa ba. Akwai kuma akasin haka: manomin da rashin tsaro ya raba da gonarsa a Batsari ko Faskari ya shigo birni yana acaɓa zai ƙara yawan masu sana'ar sufuri, alhali aiki mai albarka ya rasa ya kama maras albarka.

Fita ka gani da idonka

Alƙaluman ƙasa ba sa sauka zuwa matakin ƙaramar hukuma yadda mai bincike ke so, don haka ka haɗa su da ƙaramin bincike naka. Ka zaɓi kasuwa ɗaya ko layin masu sana'a ɗaya, ka fara da gaida sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiya, ka bayyana musu tun farko cewa ba daga ofishin haraji kake ba, domin in ba haka ba kowa zai rage maka adadi. Ka tambayi kowane mai sana'a mutum nawa ke yi masa aiki yanzu da kuma bara war haka, nawa ne ake biya nawa ne 'yan gida ko masu koyo, kwana nawa suke aiki a wata, da abin da ake ba su. Ladan kuma ka mayar da shi tiyar gero ko masara a farashin ranar, domin ta haka ne za ka san ko ya ƙaru ko ya ragu da gaske.

Ka maimaita da damina da kuma rani, tunda amsar watan Agusta ba ita ce ta watan Maris ba. Ka haɗa da mace a cikin masu binciken, domin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da fura da ɗinkin hula a cikin gidaje ake yin su, kuma namiji baƙo ba zai gan su ba. Idan kasuwar ta kan iyaka ce, kamar Jibiya ko Mai'aduwa, ka rubuta ko iyaka a buɗe take a lokacin, saboda rufewar 2019 zuwa 2020 da ta bayan juyin mulkin Nijar a 2023 sun taɓa 'yan dako da direbobi da dillalai ta hanyar da ba ta da alaƙa da ma'aunin bunƙasar ƙasa.

Wannan tsari yana aiki har ga babban aiki guda, kamar layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ya ratsa Daura da Katsina da Jibiya. Ka ware ayyukan gini, waɗanda za su ƙare ranar da aka gama shimfiɗa ƙarfe, daga ayyukan gudanarwa na dindindin, sannan ka ware na uku, wato na 'yan kasuwa da masu sarrafa kaya da sauƙin sufuri zai ba su damar faɗaɗawa. Kashi na ukun ne ya kamata ya fi yawa, kuma ba za ka iya auna shi ba sai ka ƙirga shaguna da injuna da ma'aikatan da ke kewayen tashar tun kafin jirgi ya fara tafiya, ka ajiye takardar, ka koma bayan shekara biyu da tambayoyin nan ba tare da ka sauya ko ɗaya ba.